Labulen Bayan Keke

A iya sanina ban taɓa yi wa Baba laifin da ya kai na ranar da na share masa shago ba. Abin haushin kuma, da kyakkyawar niyya na yi.

Baba tela ne. Shekara arba'in yana zaune a shago ɗaya mai taga ɗaya, tsakanin shagon aski da na mai gyaran rediyo. Bai iya karatu ba, bai iya rubutu ba, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ni ce 'yarsa ta fari. Tun ina ƙarama ya hana ni zaman shago, ya ce makaranta ce wurina, don haka ko allura ban iya riƙewa ba. Wata biyu kafin wannan abu na gama karatun akanta, na dawo gida da takardar shaida, da kwat ɗin da ya ɗinka mini na ranar yaye mu, da girman kan da ƙofar shagon ta yi wa kaɗan. Kwat ɗin baƙi ne, ya zauna mini ɗas, sai dai ƙasansa yana da nauyi, in ina sauri yana dukan cinyata da wata 'yar ƙara. Na tambaye shi, ya ce haka ake yi wa kwat na manya don kada iska ta ɗaga shi. Na yarda, domin ina son zama babba. Tun daga lokacin unguwa ta koma kirana Akanta, shi kaɗai ya ci gaba da ce mini Uwata.

Kundin da na rubuta na kammala karatu a kan tarihin ajiye lissafi ne, kuma babu wanda ya tsira daga jin sa. Umma ta ji shi tana wanke-wanke. Mai askin da ke maƙwabtaka da mu, wanda muke kira Kawu don ya girmi Baba da shekara biyu, ya ji shi da reza a wuyan mutum. Baba ya ji shi sau uku.

"Ka sani, Baba, tun kafin a san rubutu mutanen da suke lissafi. Laka suke murzawa ƙanana-ƙanana, wannan tunkiya ce, wancan tulun mai ne, su zuba a cikin dunƙulen laka su liƙe. Wasu sanda suke yi wa sara, a tsaga ta biyu, wanda ya ba da bashi ya riƙe rabi, wanda ya karɓa ya riƙe rabi. Wasu ƙulli suke yi a igiya. Sai can daga baya 'yan kasuwa suka gano a rubuta kowane ciniki sau biyu, a gefe biyu. In gefen biyu ba su daidaita ba, to an san da kuskure."

Baba ya ciji zare ya ce, "Ashe suna da hankali."

"Daidai zamaninsu dai. Amma kai, Baba, ko na lakar ba ka da shi. Shekara arba'in babu littafi ko ɗaya! Wa kake bi, wa ke binka, duk a ka. In kan ya yi ciwo fa?"

"To, Uwata," in ji shi, ya ci gaba da taka keke. Kawu yana jingine a bakin ƙofa, ya yi wani tari da ban gane ma'anarsa ba sai daga baya.

Ba kan ne ya yi ciwo ba, ido ne. Yanar ido ta daɗe tana rufe masa gani, har ta kai yana zura zare a allura da lalube. Aka sa masa ranar Litinin za a yi aiki, likita ya ce bayan nan sai ya yi kwana biyar a gida da ido a ɗaure, ba ƙura, ba rana. Da safen Litinin ɗin ya miƙo mini makulli ya ce, "Ki buɗe, ki share bakin ƙofa. Duk wanda ya zo ki ce ya dawo Asabar. Kada ki karɓi komai, kada ki ba da komai."

Bakin ƙofa ya ce. Ni kuwa da na ga tsintsiya a hannuna, sai na ga ai shagon ne gaba ɗaya ke bukatar shiga zamani.

A bayan keken akwai wani tsohon labule mai ruwan ƙasa da ya rufe kantar da yake ajiye yadin mutane. Tun ina yarinya na tsani labulen nan. An ɗinke shi da ƙyallaye daga sama har ƙasa, kowanne kamar tsawon tafin hannu, kala-kala, suna reto. A jikin kowane ƙyalle akwai maɓallai, manya da ƙanana, farare da baƙaƙe, ba tsari ba kan gado. Ƙura kuwa ta yi musu gida. A ganina tarkace ne na tsohon da ba ya iya zubar da komai.

Na ari reza wurin Kawu, na ce zare zan yanke. Wuni guda na yi a kai. Na yanke maɓallan ɗaya bayan ɗaya, na ware su a kwalabe huɗu, manyan farare daban, ƙananan farare daban, haka ma baƙaƙen, na manna wa kowace kwalba takarda da kyakkyawan rubutuna. Ƙyallayen kuma na ɓalle su, na karkaɗe, na ce asara ce a zubar, sai na cusa su a wata rigar matashi na ƙulle bakin. Na wanke labulen na shanya. Na sayo sabon littafin lissafi mai jan bango, na ja layuka a shafin farko, na ajiye shi a kan keke. Wallahi da na tsaya na kalli shagon da yamma, har ƙwalla ta zo mini don jin daɗin irin 'yar da Baba ya samu.

Ranar Talata aka sallamo shi, na kai masa matashin kyauta. Ya lalubi shi ya sa a ƙarƙashin kai, ya ce, "Allah ya yi albarka. Kamar na san matashin nan."

Da safen Laraba ina zaune a shago sai ga mai ginin ya leƙo, ya yi ya mai jiki, sannan ya tuna mini ranar Asabar ce ranar kuɗin hayar shekara. Ya ce a shekara arba'in Baba bai taɓa ƙara kwana ɗaya ba, ya kuma ce, ba don komai ba, mai sayar da waya ya taya shagon sau biyu. Fitarsa ke nan Kawu ya shigo karɓar rezarsa. Ya kalli kwalaben. Ya kalli labulen da na mayar, fes, babu ko ɗigo a jikinsa. Sai kawai ya zauna a ƙasa, a kan simintin, tsoho da shi.

"Akanta, ina littafin?"

"Ga shi nan, Kawu, sabo dal."

"Ba wannan ba. Ina littafin?" Ya nuna labulen.

Na sha jinin jikina, amma na daure na ce labule ne.

"Labule ne a gidanku! Kowane ƙyalle mutum ne, daga yadin rigarsa aka yanko shi. Babban maɓalli dubu, ƙarami ɗari. Fari, Babanki ke bin mutum. Baƙi, mutum ke bin Babanki. In an biya ya yanke. Daga jikin labulen nan yake tara kuɗin haya kowace shekara. Daga jikinsa aka yi auren gwaggonki. Da rezata kika yi?"

"Da ita."

"Na shiga uku. Har da hannuna a ciki."

Gumi ya keto mini har cikin kwat. Na kalli kwalaben nan huɗu da rubutuna a jiki, na ga dukiyar Baba da amanar mutane duk na jera su bisa launi. In Asabar ta zo babu kuɗin haya, shago ya tafi. In kuma wani ya zo karɓar haƙƙinsa Baba ya ce bai sani ba, sunan da ya yi shekara arba'in yana ɗinkawa ya tafi. Ni kuma mai kundi a kan tarihin lissafi, na yi shekara ashirin da uku ina wuce littafi ban gaishe shi ba.

Na ruga gida na ja Umma madafa na faɗa mata. Ta dafe bango ta yi ta dariya ba sauti don kada ya ji, har hawaye. Da ta gama sai ta murtuke ta ce, "Kuɗin da aka kashe a karatunki da akuya aka saya, da yanzu ta haihu." Na buɗe baki zan ce ai ni na biya mafi yawansa, na ga ba ranar ba ce. Muka jira ya shiga wanka, na zare matashin, Umma ta sa wani a wurin. Da ya dawo ya kwanta ya ce, "Matashin nan ya rame." Umma ta ce zafi ne.

A shago na zazzage ƙyallayen a kan tebur. Sittin da uku. Sa'ar da na yi, ban iya yankan zare ba, don haka duk inda na cire maɓalli akwai ɗan guntun zare a tsaye. Ina iya ƙirga maɓalli nawa ke jikin kowane ƙyalle, amma babba ne ko ƙarami, fari ko baƙi, wannan ya bi ruwa. Kawu ya rufe shagonsa ya zo ya zauna. Shekara da shekaru yana ɗaura wa mutane ƙyallen aski a wuya, don haka babu rigar da bai sani ba a unguwar. "Wannan direban bas ne. Wannan Hedimasta. Wannan mai nama, dubi maiƙo." Ɗaya ne kawai ya ɗaga, wani dogo wanda ƙura ta mayar ruwan toka, mai guntayen zare talatin da shida. Ya juya shi, ya ajiye, ya ce idonsa ba ya gane wannan.

"Talatin da shida!" na ce. "Ko wane ne wannan, sai na kai shi kotu."

"Allah ya ba da sa'a," in ji Kawu, yana kallon rufi.

Na ɗauki jan littafina na shiga gari, a tunanina in na tambayi mutane cikin ladabi za su faɗa mini. Direban bas na fara samu a tasha. Ya dafe ƙirji ya ce, "Ni? Haba Akanta! Ai ni nake binsa canjin ɗari biyar, kunya ce ta hana ni magana." Hedimasta ya sa tabarau ya ce a matsayinmu na masu ilimi, yana so in kawo shaida a rubuce. Mai nama ya ce shi tun da ya faɗi daga babur ba ya riƙe lamba, amma ya tuna sarai ya biya. Wata mata ta ce mijinta ne ya sani, mijin ya ce matarsa ce ta sani, suna zaune a kan benci ɗaya. Kafin la'asar na zaga mutum ashirin da biyu. Bisa ga littafina na zamani, babu wanda Baba ke bi ko ɗari, shi kuma rabin unguwa na binsa. Na koma shago na kifa kai a kan keke na yi kuka, rabi tsoro, rabi haushin mutanen da nake gaisarwa tun ina goye.

Ranar Alhamis da safe direban ya zo da kansa, wai tun da maganar ta taso bari ya karɓi ɗari biyar ɗinsa. Yana miƙa hannu maɓallin cikinsa ya fincike ya yi tsalle ƙarƙashin tebur, don tumbinsa ya daɗe yana gardama da rigar. Ya ce, "Ba komai, ɗan maƙala mini wani. Duba ta ciki, Baba mutumin kirki ne, kullum sai ya sa wa mutum na ajiya." Ya juyo ƙasan rigar da hannunsa.

Maɓallan rigar ruwan ƙasa ne. Na ajiyar kuwa farare ne, manya uku, ƙanana biyu. Wane tela ne zai sa wa riga maɓallin ajiya da bai yi kama da nata ba? Na jawo ƙyallen direba na ƙirga guntayen zare. Biyar. Sai wata magana da na sha ji a bakin Baba ta faɗo mini: "In za ka biya, ka zo da rigar in duba maka ɗinki." Na yaye labule na zaro yadin da ke jiran ɗinki a kanta. A kusurwar kowane yadin da mai shi ya ba da kuɗin somin aiki, akwai baƙaƙen maɓallai a ɗinke.

Gefe biyu. Rabi a labule, rabi a jikin mutum. Sandar nan da na yi wa Baba lacca a kanta sau uku, ashe shekara arba'in yana tsaga ta, mutane suna yawo da rabinsu suna yi masa godiya. Ko Kawu bai san wannan ba, sai ga shi yana laluben ƙasan tasa rigar a hankali.

"Direba," na ce, "dubu uku da ɗari biyu."

Ya kalli ƙasan rigarsa, ya kalle ni, ya ce, "Au, wannan rigar kike nufi? Ai na ɗauka ɗayar."

Abin da na yi a kwana biyun nan, har yau in na tuna sai kunya ta kama ni, amma ba na nadama. Na bi mutane ina juya musu riga. Hedimasta na same shi a ofis, na ce ya nemi shaida a rubuce, to yana sanye da ita. Mai nama ya ce rigar ta ɓata, matarsa ta leƙo ta taga ta ce tana kan igiya. Nan na gano igiyar shanya ta fi kowace ma'ajiyar takardu, kuma matan aure sun fi kowa son a bayyana gaskiya in ba tasu ba ce. Wata ta kawo mini riguna huɗu na mijinta da kanta, ta ba ni kujera, ta tsaya tana taya ni ƙirga. Wani mai wayo ya ji labari ya yanke nasa da almakashi, amma shekara biyu ana guga a kansu, sawunsu ya fito raɗau a yadin, har ana gane babba da ƙarami. Wata baiwar Allah kuma ta daɗe da cire na mijinta ta ɗinka wa yara a kayan makaranta, sai da aka jera mini yara uku na haɗa lissafi daga ƙirjinsu. Zuwa Juma'a, in na shigo layi da baƙin kwat yana ƙara, sai ka ga maza sun cusa riga a wando sun tsallaka titi.

Baba ya ce kada in karɓi komai, amma mutumin da aka juya wa riga a gaban matarsa ba ya jiran Asabar. Na karɓa na rubuta. Kafin yammacin Juma'a kuɗin haya ya haɗu har da ɗan ƙari. Na zauna ina mayar da ƙyallaye a labule, ina ɗinka musu maɓallai, yatsuna duk huji. Saura ƙyalle ɗaya, dogon nan mai talatin da shida, wanda babu rigar da ta amsa shi a duk unguwar. Na kakkaɓe shi da burushi, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, na ɗora a cinyata don in zura zare. Da na sunkuya na neme shi sai na rasa. Ya ɓace a jikin kwat ɗina, domin yadi ɗaya ne.

Na ƙirga. Talatin da shida, wata talatin da shida, shekara ukun karatuna cif. Raina ya ɓaci, ɓacin da ban taɓa yi da Baba ba. Da zan tafi ya ce shi zai biya komai. Ya biya na shiga, sannan ido ya fara ba shi matsala, aiki ya ja baya. Ban yi ƙorafi ba. Na nemi aiki a shagon buga takardu, in fito aji in tsaya a kan inji har ƙafata ta kumbura, na biya kuɗin makarantata wata bayan wata. Shi abin da yake aiko mini ɗan na sabulu ne, ɗari ɗaya kowane wata, a naɗe a ƙyalle. Ashe wannan ɗin ma ana ƙirgawa! Na tuɓe kwat ɗin na juya cikinsa, babu maɓalli ko ɗaya. Na ce wato kunyar tambayata yake ji, amma bai ji kunyar rubutawa ba. Na ɗebo ƙananan farare talatin da shida na ɗinka su da huci, na buɗe jan littafi na rubuta kaina a sahun masu bashi. Na ƙudura albashina na farko zan biya, kuma sai ya ba ni rasit ko da da dangwalen yatsa ne.

Asabar da safe Baba ya iso shago da baƙin tabarau, Umma na riƙe da hannunsa, Kawu ya bar mutum da rabin aski ya biyo su. Bai ce komai a kan kwalabe ba, bai kalli jan littafi ba. Ya wuce bayan keke ya sa hannu a labule, ya fara bi daga sama da yatsu.

"Wa ya koya miki ɗinki?"

"Babu kowa, Baba."

"Ya nuna."

Na fara kame-kame, ya ɗaga hannu. "Tun ranar Talata na sani. Na zura hannu a matashi na ji yadin direba. Kwana na yi da kaina a kan bashin unguwa, ban taɓa barci mai nauyi irin wannan ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Na ce bari in ga karatun."

Ya ci gaba da bi, ƙyalle bayan ƙyalle, yana gyaɗa kai. A kan na Hedimasta ya tsaya ya ce akwai saura babba ɗaya. Na rantse na ƙirga da idona. Ya ce, "Shi ya daɗe da ganewa, kullum sai ya cire ɗaya. Shi ya sa nake ƙara masa wani a bayan aljihu." Kawu ya yi dariya har ya ƙware. Sittin da biyu Baba ya bi, kuskure ɗaya ya samu, ya ce ba laifi ga mai koyo. Sannan yatsunsa suka sauka a kan dogon baƙin ƙyallen, suka tsaya.

Ban jira ba. Na ce, "Na gane shi. Dubu uku da ɗari shida. Ƙarshen wata zan biya, ba sai ka aiko ba. Da na san ana ƙirga sabulun ma, da na yi wanka da ruwa zalla."

Umma ta ce, "Ke!" Baba ya saki ƙyallen. Ya cire tabarau, ya ƙifta sabon idonsa, ya matso da fuskarsa ya daɗe yana kallon ƙananan fararen da na jera a karkace. Ya ce, "Miƙo kwat ɗin. Kawu, reza."

Ya shimfiɗa kwat ɗin a kan keke, ya kama kalmasar ƙasa, ya farke ta daga wannan gefe zuwa wancan. A cikinta akwai wata siririyar igiyar yadi, ya zaro ta ya ajiye a gabana. Maɓallai ne a jere, manya, baƙaƙe. Ban ƙirga ba, na san adadinsu.

"Baƙi ne, Uwata. Manya. Ranar da takardarki ta shiga makaranta ta fito na sayi yadin nan na ajiye, na ce ni zan biya makaranta. Ban biya ba. Duk watan da kika biya da guminki, na ɗinka ɗaya."

Da ƙyar na ce, "To me ya sa ka ɓoye a ciki? Na kowa a fili yake."

"Na kowa ni nake bi. Wannan kunya na ji."

Wata biyu ina yawo da shi yana dukan cinyata, ina jin ni babba ce. Kuka ya zo mini irin wanda ba ya jin kunyar mutane. Na jawo kwalbar manyan baƙaƙe na buɗe, na ce, "Na yafe, Baba. Wallahi na yafe. A zuba su nan a manta."

Ya dafe igiyar da tafin hannu. "A'a. Ke kin saba goge littafin mutane, wannan kam ba za ki taɓa shi ba. Zauna nan. Cire fararen nan, ɗauko baƙaƙe, in nuna miki yadda ake ɗinka maɓalli ya zauna."

Na zauna na ɗinka talatin da shida a ƙyallen yana gyara mini riƙon allura, shi kuma ya mayar da nasa cikin kalmasa ya ɗinke. Mai ginin ya zo ya karɓi kuɗinsa. Jan littafin yana nan, yanzu shi ake sawa a ƙarƙashin ƙafar keken da ke rawa.

Shekara biyu ke nan. Ina aiki a ofis mai kwamfuta, ana ce mini Akanta ba da tsokana ba. Sau bakwai ya kama ni da kwat ɗin a jikina, ya damƙa mini dubu, ya farke kalmasa ya yanke ɗaya. Saura ashirin da tara. Duk ƙarshen wata sai ya aiko Umma ta ce in zo da kwat a duba ɗinki, ni kuma sai in ce yana wurin wanki.